Kawu da Ɗan Ginshiƙin Cikin Bayolin

Ranar da Kawu ya rasu, falon gidansa da ke unguwar Old Airport a Doha ya kasa ɗaukar jama'a. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka gangara kan matakala, sai da maƙwabcinsa ɗan Sudan ya buɗe nasa falon maza suka koma can. 'Yan majami'armu sun zo, nas-nas da masu gyaran injunan asibiti, wasu da kayan aiki a jikinsu don daga wurin aiki suka wuto. Matarsa, wadda nake kira Mama, tana zaune a ƙasa ta jingina da kujera. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata sannu sai ta ce, "Yanzu fa ya gama shan shayi. Ko kofin ban wanke ba." Har la'asar ba ta faɗi wata magana bayan wannan ba.

Babban amininsa, wani likita ɗan Kano da ke zaune a unguwar Al Gharrafa, ya iso wajen azahar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ta salati, ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Da ya gan ni sai ya ja ni gefe.

"Ke nas ce, kuma kusan kullum kina gidan nan," in ji shi. "Ba ki ga wata alama ba?"

Na sunkuyar da kai na ce bari in kawo masa ruwa.

Akwai kuma waɗanda ba mu san su ba sam. Wani tsoho ɗan Lebanon, mata biyu 'yan Indiya, wata 'yar Filifin da ta zauna kusa da Mama ta riƙe mata hannu tana kuka ba sauti. Yawancinsu ba su san sunansa ba, mai gyaran bayolin kawai suke ce masa. Yanzu an kai gawarsa gida Jos, an mayar da makullin gidan, wasu mutane ne a ciki. Doha gari ne da ba a daɗewa. Shekara biyar nan gaba da wuya a sami wanda zai tuna ya taɓa zama a nan. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na sani.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake cewa, ko a gaban shugabannina a asibiti. Shi ya nemo mini aiki a nan, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, a gidansa na zauna wata takwas kafin in sami ɗaki. Aikinsa gyaran injunan asibiti ne, ya fi shekara ashirin a kai. Amma in ya dawo gida ya ci abinci, sai ya shige ɗan ƙaramin ɗakin da 'ya'yansa suka bari da suka koma Najeriya karatu, ya kunna fitilar tebur, ya ɗauko bayolin ɗin wani.

Gogen Turawa, haka yake fassara wa 'yan gida. Wata tsohuwar malama ce ta koya masa a makarantar mishan yana yaro, kakansa kuma makaɗin goge ne, shi ya sa yake kiran sassan bayolin da sunayen goge: tsirkiya, jaki, izga. Kiɗa kam bai iya ba. Mama takan ce in ya goga kamar ana jan tsohuwar ƙofa, shi ma ya yi ta dariya. Kunne ne da shi, da hannu. In aka kawo masa kaya ba ya saurin taɓawa. Sai ya sunsuna, ya ƙwanƙwasa bayan da yatsa, ya girgiza kusa da kunne, sannan ya dubi mai shi ya ce, "A ina kake ajiye shi? Faɗi gaskiya, a ƙarƙashin sanyin esi ne ko a bayan mota?" Maganarsa ta kullum ita ce "Tsaya tukuna." In kana sauri, in kana fushi, in za ka zuba gishiri a miya, tsaya tukuna. Har 'yan majami'a suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa.

Aikin da aka fi kawo masa ɗaya ne. A cikin kowane bayolin akwai wani ɗan itace, kaurinsa bai kai na fensir ba, tsawonsa kamar ƙaramin yatsa. Yana tsaye ne tsakanin allon sama da allon ƙasa, daf da ƙafar jaki, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa. Kawu yana ce masa ɗan ginshiƙi. Ba a sa masa gam, ba a kafa masa ƙusa, matsewar allunan biyu ce kawai ke riƙe shi. In ya faɗi muryar kayan ta dushe, in kuma aka bar tsirkiya a ɗaure a haka allon sama na iya tsagewa. In ya cika tsawo ya matse da yawa, shi ma tsagewa ce. Kuma ba a buɗe bayolin don a sa shi. Ta 'yar siririyar tsagar nan da ke fuskar kayan ake zura shi, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsini. A Doha abin yana yawan faɗuwa, don waje laima ce da zafi, ciki kuma esi mai busar da komai. Itace ya kumbura a hanya ya tsuke a ɗaki.

Da korona ta zo, an ba waɗanda suka haura sittin damar zama a gida. Kawu ya haura, ga ciwon suga. Ya ce ba inda zai zauna alhali injunan taimakon numfashi suna aiki ba hutawa. Ni da Mama muka taru a kansa, ta yi kuka, na yi masa bayanin abin da nake gani a ɗakin marasa lafiya kullum. Ya saurare mu har muka gama.

"Uwata, ke kin zauna a gida?"

"Ni aikina ne, Kawu."

"To ni nawa wasa ne?"

Kwana uku ban ɗaga wayarsa ba. Bayan wata biyu ya kamu. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance, ta bayan gilashi kawai nake ganinsa. Rana ta shida, da ya ɗan farfaɗo, na ga yana ɗaga hannu yana nuna gefen gado. Na kira nas ɗin da ke ciki ta je ta saurara. Ta fito tana dariya a cikin takunkumi. Wai ya ce a duba matatar injin, ƙararsa ta canza.

Ya tashi, amma bai koma yadda yake ba. Gidansu a hawa na biyu yake, sai ya tsaya sau biyu kafin ya kai. Duk da haka a watannin kulle bai rufe ƙofarsa ba. Mutane sukan ajiye bayolin a bakin ƙofa su danna ƙararrawa su koma mota, ya goge akwatin da magani, ya gyara, ya mayar bakin ƙofa. Daga baya ya kira su a waya ya ce su goga ya ji. A nan ya san matar nan 'yar Filifin, wadda muke kira Malama. Tana koya wa yara kiɗa gida-gida a Al Rayyan, korona ta rufe mata duk ƙofofin. Kullum Asabar sai Kawu ya ƙirƙiro dalilin kiranta, wai yana so ya ji ko gyaran bai motsa ba, ta goga masa waƙa ɗaya, Mama ta karɓi wayar ta tambaye ta ko ta ci abinci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a satin farko na gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a nan. Ina hutu ranar, na je gidan da hantsi. Mama ta tafi taron mata. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka yi ta danna ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa. Malama ce, ta jiƙe da gumi, ta rungume akwatin bayolin. Ta sami aikin kiɗa a wani otal na tsawon gasar, aikinta na farko na kirki tun kafin korona, kuma ranar za ta fara, ƙarfe uku. Don murna ta sayi sababbin tsirkiyoyi ta kwance tsofaffin duka huɗu a lokaci ɗaya. Tana cikin ɗaura sababbin ta ji wani abu yana gangarawa a ciki.

Kawu ya girgiza kayan kusa da kunne, muka ji ƙwas-ƙwas.

"Sau nawa na gaya miki ɗaya bayan ɗaya ake canzawa?" Bai jira amsa ba. "Uwata, sassauta su duka. Yalla, maza, kafin allon ya tsage."

Malama ta ce manajan ya faɗa musu masu jiran wurin suna da yawa, wanda bai zo ranar farko ba kada ya zo ta biyu. Ba ta da wani bayolin, wannan ɗin ta taho da shi daga gida. Ga hanyoyi a rufe, sai ta bi jirgin ƙasa, dole ta bar gidan kafin ƙarfe biyu.

Kawu ya karkata kayan a hankali har ɗan itacen ya gangaro bakin tsagar, ya fito da shi ya duba. Ya ce ya yi gajarta, ko an tsayar da shi zai sake faɗuwa, sai an yanka sabo. Ya ɗauko sandar itacen da yake ajiyewa a cikin leda, ya ɗauki wuƙa. A nan na gani. Hannunsa na dama yana rawa, ba 'yar rawar gajiya ba, bakin wuƙar yana ta kaɗawa a iska ya kasa sauka inda yake so. Ya dafe shi da na hagu. Bai tsaya ba. Ya ajiye wuƙar, ya sa hannun a ƙarƙashin tebur.

"Uwata, zo ki zauna nan."

"Kawu, ban taɓa yi ba."

"Kina samun jijiyar jariri ki sa allura ko ba kya samu? Zauna."

Na zauna. Ya auna zurfin cikin, ya nuna mini inda zan yanke, ya ce bakin itacen ba a miƙe ake yanka shi ba, sai an ɗan karkata shi don ya kwanta daidai da ƙundun allon. Na kankare, ya ɗaga zuwa haske ya ce ƙara, kamar kaurin gashi. Na ƙara. Ya ce in lura da layin itacen, dole ya gitta layin allon sama. Sannan ya sa na soke shi da tsinin ƙarfen, na zura ta tsagar da ke ɓangaren siririyar tsirkiya. Shi kuma ya cire ɗan maɓallin da ke gindin bayolin ya kafa ido a ramin, Malama tana haska masa da fitilar waya.

"Juya shi ya tsaya. A'a, ya karkata. Dawo da kan ta wajenki. Tsaya tukuna."

Na zare ƙarfen, abin ya faɗi. Minti goma muka yi kafin mu fito da shi. Na sake, ya sake faɗuwa. Malama ta dubi agogo ta fara addu'a da yarensu. Ni kuwa ba bayolin ɗin nake tunani ba. Ina jin numfashin Kawu a gefen kunnena, gajere-gajere, kamar wanda ya hau matakala, alhali ya fi awa yana zaune. Da na sunkuya ɗauko tsumma na ga ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse a cikin fata.

"Hankalinki ba ya nan," in ji shi a hankali, da Hausa don kada Malama ta ji. "Ki gama wannan tukuna."

A karo na uku, da na tsayar da shi, ya ce in jawo shi ta waje sannu-sannu har in ji ya kama, in na ji ya ƙi kada in matsa, can ne ake fasa kayan mutane. Na jawo. Na ji ya ɗan cije. Na riƙe numfashi na zare ƙarfen. Shiru, ba abin da ya gangara. Kawu ya daɗe da ido a ramin, sannan ya zura wani tsagaggen kati da yake auna nisa da shi, ya ce, "To. Mayar da jaki."

Muka ɗaura tsirkiyoyi, Malama ta saita ta goga. Ni na ji daɗin muryar, har na fara murmushi. Kawu ya rufe ido ya girgiza kai. Ya ce ta yi tsini, ginshiƙin ya cika kusa da ƙafar jaki. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce, Malama ta ce haka ma ya yi, ya ce bai yi ba. Aka ɗan sassauta tsirkiya, na zura ɗaya bakin ƙarfen na ɗan taɓa gindin itacen sau biyu, na taɓa kansa sau ɗaya, ina lallaɓawa kada in kayar da aikin awa biyu. Ta sake gogawa. Wannan karon har cikin ƙirjina na ji. Kawu ya buɗe ido ya ce, "Khalas, an gama. Tafi." Ta kama hannunsa na dama da hannu biyu ta ɗora a goshinta, yadda suke gaida manya a ƙasarsu, ta fita da gudu.

Ƙofa na rufuwa na juyo kansa.

"Tun yaushe?"

"Ba wani abu ba ne."

"Kawu, tun yaushe? Hannun, da ƙafafun, da numfashin. Da wannan hannun kake taɓa injin marasa lafiya?"

Ransa ya ɓaci, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce tun watanni da suka wuce ya nemi a mayar da shi kan duba takardu da koya wa sababbi, bai sa hannun nan a injin kowa ba, kada in sake yi masa wannan zargin. Na ba shi haƙuri, amma na ce gobe za mu ga likitan zuciya, in ya ƙi zan kira amininsa, zan gaya wa Mama.

"Ba za ki gaya wa kowa ba." Sannan muryarsa ta sauko. "Saboda gasar nan aka ƙara mini wa'adi, ana gamawa zan ajiye aiki da kaina. In aka gwada ni yanzu, takarda ɗaya za a rubuta a ce ban dace da aiki ba, kafil, wato mai ɗaukar nauyina a ƙasar nan, ya soke zamana. Bayan shekara ashirin in fita a haka? Sati huɗu kawai, Uwata. Mamanki kuma hawan jini gare ta, kin sani. Ki bar ta ta yi Kirsimeti cikin kwanciyar hankali."

Na san abin da ƙafafun nan ke nufi. Ba zan ce ban sani ba. Amma mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa ne yake roƙona, idonsa ya kawo ruwa. Na ce na yarda, da sharaɗin kullum zan zo in auna shi.

Haka na yi gasar. Gari ya cika da tutoci da oda, a cikin jirgin ƙasa baƙi suna ta waƙa da rawa, ranar da Maroko ta ci wasa unguwarmu har ba a jin magana. Ni kuwa daga asibiti sai Old Airport, in jira Mama ta shiga kicin, in ja shi ɗakin aiki in kama wuyan hannunsa ina ƙirga bugu. In wayata ta yi ƙara sai in yi maza in duba ko Mama ce. In ina ba mara lafiya magani sai in duba sau uku don na daina yarda da kaina. Aka gama gasa, ya ce bayan Kirsimeti. Kirsimeti ta wuce, ya ce a bari a shiga sabuwar shekara. A satin farko na Janairu na daina tambayarsa, na je da kaina na karɓo masa ranar ganin likitan zuciya, Lahadi da safe. Na ajiye masa takardar a kan tebur. Ya karanta ya yi murmushi ya ce, "Uwata ta yi hukunci."

Ranar Alhamis da safe ya sha shayi, ya miƙe zai ɗauki makullin mota, ya zauna a kujera ya ce wa Mama kansa yana juyawa. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Kwana tara aka yi kafin takardun ɗaukar gawa su kammala. A cikinsu ban iya haɗa ido da Mama ba. Ina yi mata komai, wanka ne kawai ban yi mata ba, amma in ta dube ni sai in sami abin ɗauka. Ana gobe za ta tashi da gawar muka shiga ɗakin aikinsa mu biyu muna haɗa kaya. Tana naɗe wuƙaƙensa a cikin tsumma ɗaya bayan ɗaya. Na ga in ta hau jirgi ban faɗa ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na durƙusa a gabanta.

"Mama, na sani. Tun farkon gasa na san ba shi da lafiya. Ya ce kada in gaya miki, ni kuma na yi shiru. Da na yi magana..."

Ta ajiye tsumman ta dube ni.

"'Yata, wa kike tsammani yake sa masa maɓallin riga?" in ji ta. "Wata shida ni ke sa masa. Ni ke yi masa aski, ni ke ɗaura masa agogo. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya miki ba. Wai aiki ya yi miki yawa, kin sha wahala a korona, kada a ƙara miki."

Ta zamo daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ni.

"Ina kicin ina jinku kuna rufe ƙofa," ta ce. "Na ɗauka bayolin yake koya miki."

Muka yi kuka har muka gaji. Da ta share fuska sai ta buga tafin hannunta a cinya ta ce, "Amma mutumin nan ya yi mana wayo. Mu biyu, a gida ɗaya!" Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini a cikin hawaye ba, ita ma haka. Sannan ta kama kaina ta ɗora a kafaɗarta ta ce in tashi mu ƙarasa, akwati biyu ne kawai aka yarda ta ɗauka.

Ubangiji ya ji ƙan Kawu, ya ba shi hutawa. Ya gafarta masa taurin kansa, mu kuma ya gafarta mana shirunmu.